Habbar da Ruwan Tasar Kakarmu

Ranar Asabar ce, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a makon farko na watan Rajab. Mu uku ne a falon gidan yayana da ke unguwar Hindawiyya a Jidda: ni, da matarsa, da shi kansa a kujerarsa mai taya, yana fuskantar bango domin haka yake so a ajiye shi. Na huɗunmu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohon abokin aikin Yaya ne daga kasuwar kifi, da bokiti a hannu, ya rufe bakin bokitin da jiƙaƙƙen buhu.

Wata biyar ke nan da ɓarin jikin Yaya na dama ya shanye. Magana ta tafi, ta bar masa kalma biyu rak, duka na Larabci: yalla, wato mu je, da halas, wato shi ke nan. Hausar da kakanninmu suka tako da ita a ƙafa har Jidda, babu ko kalma ɗaya da ta rage a bakinsa. Cin abinci ma ya soma tafiya. Likita ya ce maƙogwaronsa yana iya haɗiya in an bi a hankali, shi ne dai ba ya so. Ya kuma ja ni gefe ya ce in nauyinsa ya ci gaba da raguwa, za a huda cikinsa a saka tiyon abinci.

Mahaifiyarmu ta yi watanninta na ƙarshe da irin wannan tiyo. Ranar da muka binne ta, Yaya ya riƙe ni a bakin maƙabarta ya ce, "Kai ne mai karanta takardu a gidan nan. In ta zo kaina, kar ka sa hannu." Na ce to. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, domin a lokacin shi kaɗai yake ɗaga kwandon kifin da mutum biyu ke kamawa.

Abokin ya ajiye bokitin a tsakar falo ya yaye buhun.

"Raga ce ta kamo ta da rai," in ji shi. "Na ce bari in kawo wa maigida ya duba mana, ko ta isa wuƙa."

Habbar ake ce mata a nan. Ban san mata suna da Hausa ba, kuma duk shekarun da na yi ina fassara labarai ina karantawa a rediyo ban taɓa buƙatarsa ba. Ba kifi ba ce. Jikinta bai wuce tafin hannu ba, da wata siririyar geza da ta zagaye shi tana kaɗawa kamar bakin mayafi. Hannayenta takwas duk a fuska suke, akwai kuma wasu dogaye biyu da take ɓoyewa sai za ta kama abinci. In ta tsorata takan fesa tawada. Yaya ya yi shekara talatin yana feɗe irinta a kasuwa, an san shi da cire jakar tawadar ba tare da ta fashe ba.

Ya sa hannun hagu ya juya tayar kujerarsa da kansa, abin da ya yi makonni bai yi ba. Ya leƙa bokitin. Ta yi fari fat, ta koma ruwan ƙasa, sai wasu zane-zane suka bi ta bayanta suna gudu. Ya ce, "Yalla."

Matarsa ta yi maza ta ɗauko kunun da ya ƙi tun safe. Idonsa na kan bokitin, ta kai cokali bakinsa, ya buɗe. Na ƙirga. Cokali bakwai.

Da yammar ranar na tafi wani shago a unguwar Bagdadiyya inda ake sayar da kifayen ado. Mai shagon ya haɗa mini akwatin gilashi mai tsawon hannu biyu, da matatar ruwa, da famfon iska, ya kwaso mini duwatsu da yashi daga wani tsohon akwatinsa, ya ce ruwa sabo ba ya riƙe rai sai da tsohon dutse. Ya jera mini dokoki, na rubuta. Kada a ƙwanƙwasa gilashin. Kada a kunna fitila farat ɗaya. Kada a rabu da murfi. Ruwa zai riƙa raguwa saboda mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, amma gishiri ba ya bin iska, don haka in ya sauka daga layi ruwan sha ake ƙarawa, ba na teku ba. Kada in kuskura in zuba mata maganin kifi, domin yawancinsu da jan ƙarfe a ciki, shi kuwa guba ne gare ta, ko ƙanƙani. Na rubuta: banda maganin kifi. Ban rubuta dalilin ba.

Ina ƙoƙarin fita ya ƙara da cewa, "Ka dai sani, baffa, ba sa daɗewa. Shekara ɗaya, in ta yi tsawon rai biyu. Wadda ka kwatanta mini ta riga ta ci rabi."

Wannan ban faɗa wa kowa a gida ba.

A unguwar Mahjar nake zaune, da ɗan nisa, don haka kullum sai wajen ƙarfe goma nake isa. In na shiga, in duba layin da na ja da baƙin alkalami a jikin gilashi, in jefa ma'aunin gishiri in ga inda ya tsaya, in tsotse ɓawon abincin jiya da siririn tiyo. Ran Alhamis in kwashe kashi ɗaya cikin biyar na ruwan in zuba sabo. A makonnin farko habbar ba ta cin komai sai mai rai. Abokin Yaya ne ke kawo ƙananan jatan lande da 'yan ƙaguwa a gwangwani, in ya makara mu yi ta kallon ƙofa. Daga baya na koya mata cin wanda aka fitar daga firji. Sai an bar shi ya saki a ruwan akwatin, a soka shi a dogon tsinke, a riƙa girgiza shi kaɗan-kaɗan kusa da yashi kamar yana da rai. Ta yi kwana huɗu tana kallon tsinken tana ja da baya. Rana ta biyar ta kama.

Tun daga nan tsinken ya koma hannun Yaya. Hannun hagun yana rawa, rawar kuwa ita ce daidai abin da ake so. Za ta fito daga ƙarƙashin dutse, ta tsaya cak a tsakiyar ruwa, ta ɗaga hannaye biyu sama, zanen nan ya soma gudu a bayanta. Yaya ya ce yalla. Kafin ido ya gani dogayen hannayen sun fita sun dawo, tsinke ya zama wayam. Sai shi kuma ya buɗe baki. Sau biyu a rana, da hantsi da bayan la'asar. In ta ci, ya ci. In ta ƙi, kome aka dafa haka za a mayar da shi kicin.

Matar Yaya 'yar Hausawan Sudan ce, tsakanina da ita kuwa akwai wasan ƙanin miji tun tana amarya. Malam labarai take ce mini, habbar kuma baƙuwa.

"Malam labarai, ka karanta mana kanun yau. Baƙuwa ta yi kashi ko ba ta yi ba?"

"Rahotanni na cewa ta yi, Hajiya."

"Alhamdu lillahi. To kai kuma," ta juya ga mijinta tana goge masa haɓa, "shekara talatin kana yanka danginta, yanzu ka zama kukunta. In ta gano ko kai wane ne, halas, ka rasa aiki."

Rabin bakinsa mai motsi ya ɗaga. Wannan ce dariyar da ta rage masa.

Wata uku muka yi a haka. Ya ci asida mai laushi da miyar kuka, ya ci ful, waken nan da aka dama masa, ya sha romon shurba. Da aka auna shi a asibiti nauyinsa bai ƙaru ba, amma bai ragu ba. Likita bai sake ja na gefe ba. Ni kuwa kullum in na shiga, kafin in gaida kowa sai na duba idon baƙuwa, domin mai shago ya ce daga ido tsufansu ke farawa. Ina ƙirga watanninta a zuci, ban san ranar da zan fara ƙirga daga ita ba.

Da zafi ya shigo na lura da wani abu da ya faranta mini rai. Ruwan ya daina sauka daga layi. Da, duk kwana biyu sai na ƙara kofi guda, yanzu kuwa mako ya wuce ban ƙara ba. Na ce sabon murfin da na sayo ne. Har na yabi kaina a gaban matar Yaya, ta ce Allah ya ƙara basira.

Sai baƙuwa ta fara kuskure. Ta harba hannayenta su wuce gefen tsinke. Ta sake, su bugi gilashi. Launinta ya tsaya a wani fari mai dishi-dishi, zanen ya daina gudu. Wata safiya na iske ruwan baƙi ƙirin, ta fesa tawada ba wanda ya taɓa ta. Na kwashe rabi na sauya. Yaya ya riƙe tsinke har hannunsa ya gaji ya faɗi a cinyarsa. Ran nan bai ci komai ba, kashegari cokali biyu.

Na ɗauka tsufan ne ya zo. Duk da haka na ɗebi ruwan a kwalba na kai Bagdadiyya. Mai shagon ya zuba shi a ƙananan kwalabe, yana ɗiga wani abu a kowace. Uku suka fito yadda yake so. Ta huɗu ta sauya launi, ya ɗaga ta sama ya daɗe yana kallo.

"Ka sa mata magani."

"Ban sa ba."

"To wani ya sa. Akwai jan ƙarfe a ruwan nan. Ka duba, ko kwabo ne ya faɗa ciki, ko waya, ko wani famfo."

Na koma na kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya, na tace yashin da hannu. Babu kwabo, babu waya. Na tambayi matar Yaya ko wani ya zuba magani, ta ce wa zai zuba, ai ko jikokinta ba ta bari su matso. Gaskiya ta faɗa, domin magani na tambaya.

Kashegari na zo da wuri, wajen ƙarfe bakwai, da jarkoki biyu na sabon ruwa, ina so in sauya kafin lokacin tsinke. Ƙofa a buɗe take. Na iske matar Yaya tsaye a gaban akwatin, ta ɗaga murfin, tana tsiyaya ruwa a hankali daga tasar kakarmu, bakinta na motsi.

Tasar nan ba wanda bai san ta ba a danginmu. Ƙarama ce, ja, an zana ayoyi a cikinta tun daga baki har gindi. Kakarmu ta saye ta a Makka shekarar da ta iso, kuma tun daga lokacin duk wanda ya kwanta ciwo a gidanmu a cikinta ake ba shi ruwa. A zuba da magariba, a yi tofi, a rufe ta kwana, a ba mara lafiya da asuba. Ni ma na sha a ciki. Na san matar Yaya tana ba shi kullum. Na san duk Juma'a tana goge ta da lemon tsami da gishiri har ta yi ƙyalli. Na riƙe ta a hannuna ba sau ɗaya ba. A wurina tasar kaka ce, ban taɓa tunanin da me aka ƙera ta ba.

"Hajiya, me kike yi?"

"Sauran ruwan yayanka ne. Kurɓa biyu yake yi ya kau da kai."

"Tun yaushe kike zubawa a nan?"

"Tun da raihanina ya mutu." Tana da tukunyar raihani a taga, zafi ya ƙone shi. "Da a gindinsa nake zubawa. To ina kake so in kai shi? Ruwan da aka karanta wa ayoyi, in zuba a magudana ya haɗu da na banɗaki? Ba ka ce ruwan sha ake ƙara mata ba? Na ce ga wuri mai tsabta, ga mai rai a ciki, ita ma tana tasbihi. Da na ga ba ta da lafiya ma sai na riƙa cika tasar, don ta samu da yawa."

Ta rufe murfin ta dube ni tana murmushi. "Ka ce murfinka ne. Na ce bari in bar Malam labarai da basirarsa."

Ina da lokacin da zan yi shiru. Zan iya cewa mai shago ya hana ƙara kowane ruwa sai nasa, ta bari, a wuce wurin. Amma bakina ya saba da wani tsari, a faɗi abin da ya faru, da wanda ya yi, da dalili, a jimla ɗaya. Na ce mata tasar ta jan ƙarfe ce, ruwan da ya kwana a cikinta yana ɗaukar ƙarfen, lemon tsami yana ƙara sakinsa, kuma shi ne yake kashe habbar. Na ce ba ayoyin ba ne, ƙarfen ne. Na maimaita wannan sau biyu.

Ta zauna a hannun kujera da tasar a cinyarta.

"Amma shi ma a ciki yake sha."

"Mutum ba ya jin ɗan wannan. Ita ce ba ta ɗauka."

"Wato ni ce."

"Ni ne ban faɗa miki ba. An gaya mini tun ranar farko."

"Yanzu da ka faɗa fa, za ta warke?"

Na ce ban sani ba. Ta ce, "To da ka riƙe labarinka."

Sai a lokacin muka tuna ƙofar ɗakin Yaya a buɗe take. Magana ce ta bar shi, ji bai bar shi ba. Da na leƙa, idonsa biyu, yana kallon silin.

Na sauya ruwan ran nan, na sake sauyawa kashegari. Na sa gawayin tacewa a matata kamar yadda mai shago ya ce. Ya kuma ce ƙarfen ya riga ya shiga duwatsu da yashi, zai riƙa fitowa a hankali, sai na zubar da su na karɓo wasu. Na gaya wa matar Yaya abin da na ɓoye, cewa ko ba tasa watanninta sun kusa ƙarewa, kuma ba wanda zai iya rantsuwa wanne ne ya fi cin ta, ƙarfen ko tsufa. Gaskiya ce, har yau ban sani ba. Ta ce, "Yanzu kuma ka zo da gyaran labari." Ba ta ƙara kirana Malam labarai ba. Ta naɗe tasar a tsumma ta sa a saman kabad, ta koma ba Yaya ruwan tofi a kofin gilashi, abin da ya rage ta shanye da kanta.

Idanun baƙuwa suka yi fari kamar an ɗiga musu madara. Ta daina shiga ƙarƙashin dutse, ta koma saman ruwa a karkace, gezar na kaɗawa ta gefe ɗaya. Na cire jatan lande daga tsinke na sa mata a tsakanin hannaye da yatsuna. Ta riƙe na ɗan lokaci ta saki. Kwana shida ana turo Yaya gaban akwatin da hantsi da la'asar, a sa masa tsinke a hannu, ya riƙe. Bai ce yalla ba. Matarsa na tsaye a bayansa da kwano har abincin ya huce.

Ran Laraba na iske baƙuwa a mace a kusurwar akwatin, ruwan matata na juya ta. Na tsame ta da hannu. Yaya ya miƙo tafinsa na hagu, na ɗora masa. Ya bi bayanta da babban yatsa, ya tsaya daidai inda ƙashin yake, wurin da wuƙarsa ta saba shiga. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙo mini ita ya ce, "Halas." Ya juya kujerarsa.

Mun gwada abin da kowa zai gwada. Abokinsa ya bi masu raga har ya samo wata mai rai, kusan girmansu ɗaya, launinta ma ya fi kyau. Na wanke akwatin, na sa ta, muka turo shi. Matarsa ta ce, "Dubi, baƙuwa ta dawo daga asibiti." Ya dube ta sau ɗaya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana rarrabe su a kan tebur, mu muka zaci zai ruɗe. Ya saki tsinken a ƙasa. Abokin ya zo da bokitinsa ya mayar da ita teku.

Akwatin ya ci gaba da aiki ba kowa a ciki, domin na kasa kashe famfon. Da hantsi nakan zauna kusa da Yaya da cokali, in yi masa magana da Hausa, in yi da Larabci. Na tuna masa abin da ya ce mini a bakin maƙabarta. Na ce, "Yaya, in ba ka ci ba, za su kawo mini takarda. Ka taimake ni." Ya dube ni, ya gane sarai, ya rufe bakinsa. Matarsa ta ce in ban sa hannu ba ita za ta dangwala, kuma ba za ta yafe mini ba, ta ce rai ɗaya ya ishe ta ɗauka. Na ce mata habbar ba a wuyanta take ba.

Bayan mako uku aka auna shi. Likita ya ja ni gefe, da takardar a hannunsa. Na karanta ta duka, gaba da baya, har ƙananan rubutun ƙasa. Na sa hannu ran Lahadi, aka saka tiyon ran Litinin da safe. Yaya ya ƙara wata goma sha huɗu a duniya, kuma duk lokacin da na shiga ɗakin sai ya juya fuskarsa bango.